Ba Matar Aure Ba, Ba Bazawara Ba

 Da kuskurenmu za mu fara, don wanda ya ɓoye tuntuɓensa ya bar wa na bayansa dutsen a kan hanya.

Lokacin da muke karatun difloma a Birnin Kebbi mun rubuta wani gajeren labari, irin wanda sabon marubuci yake gwada hannu da shi. Miji da mata Kiristoci ne, rigima ta yi tsanani, sai muka sa mijin ya yagi takarda ya rubuta mata saki uku ya jefa mata. 'Yan ƙungiyarmu ta marubuta suka karanta, aka gyara mana ƙa'idojin rubutu, aka ce mu rage tsawon zance, amma babu wanda ya tsaya a kan takardar nan. Da muka zo hutu muka miƙa wa Yayarmu labarin a waya muna jiran yabo. Tana zaune kan turmi a ƙofar madafi ta karanta. Da ta kai wurin sakin sai ta yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba, ta miƙo mana wayar ta ce, "Auta, da haka ake yi ai da ban kai yau ba."

A lokacin, shekarar mijinta 4 da barin gida.

Bayan an gama girbin dawa ya ce zai bi wani abokinsa kudu neman aikin gadi. Babu wanda ya ga abin mamaki a nan. Ƙasar Zuru ta saba da tafiyar maza. Da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da gidan soja ko na tsohon soja ba, kuma matanmu sun iya zaman jira. Watannin farko yana kira, yana turo kuɗi. Daga baya kiran ya ragu, kuɗin ya tsaya. A shekara ta biyu ya zo Kirsimeti ya yi kwana 9, ya sayi wa yaransu biyu takalma, ya koma. Tun daga nan lambarsa ta daina shiga. Sai wata rana wani ɗan unguwa ya nuna mana hotonsa a Facebook, ya yi ƙiba, yana riƙe da jariri, wata mace a gefensa.

To me muka yi? Mun ce mata ta yi haƙuri. Mama ta ce ta yi haƙuri, surukai suka ce ta yi haƙuri, 'yan Zumuntar Mata suka zo suka yi addu'a suka ce ta yi haƙuri. Mu ma da muke ganin mun yi boko abin da muka faɗa ke nan. Tana soya ƙosai da safe, tana noma gonar da ta ara da damina, tana biyan kuɗin makaranta. Zoben yana yatsarta. A taron matan aure ana lissafa ta, a taron zawarawa ba a kiranta, kuma duk namijin da ya tsaya ya gaishe ta fiye da minti biyu, kafin yamma maganar ta zaga unguwa.

Gidanmu irin gidajen Zuru ne da kuka sani, tukunya ɗaya addini uku. Kakarmu auren golmo aka yi mata: kakanmu da abokansa sun yi shekara 7 suna noma gonar mahaifinta kafin a ba shi ita, kamar yadda al'adar Lelna, wato Dakarkari, ta tanada. Ita kullum cewa take yi namijin da ya zubar da gumin shekara 7 ba ya tashi ya tafi haka nan. Kawunmu kuwa Musulmi ne, ya yi karatun zaure. Shi ne ya fara cewa zaman nan ya isa. Ya ce a mazhabar Malikiyya macen da miji ya bari babu ci babu sha tana da damar kai ƙara a raba auren, ko wadda mijinta ya ɓace babu labari ma an yanka mata wa'adin shekara 4 daga ranar da ta kai maganar gaban alƙali, sannan ta yi takaba. Ya dubi Mama ya ce, "Yaya, ba zai yiwu a ce ku naku babu ƙofa ba. Ku dai ba ku tambaya ba."

Gaskiyarsa. Ba mu tambaya ba.

Farko ƙaramar kotu muka nufa. Magatakarda ya karɓi takardar auren ya duba, ya mayar mana da hannu biyu, ya ce wannan ta fi ƙarfin teburinsa, sai Babbar Kotu. Daga nan wata malamar makaranta ta haɗa mu da wata lauya. Abin da muka ji a ofishinta shi muke so mu ajiye muku a nan, don ko ba ku buƙace shi a gida ba za ku buƙace shi a takarda.

Tambayarta ta farko ita ce, wane irin aure aka ɗaura? Mu a zatonmu auren coci ɗaya ne. Ashe biyu ne. Akwai wanda aka yi na gargajiya a gida, sannan aka je coci fasto ya sa albarka. Wannan a idon hukuma auren gargajiya ne, kuma ta hanyar gargajiya ake warware shi. Akwai kuma wanda ya bi Dokar Aure ta 1914: a kai sanarwa ofishin rajista, a manna ta kwana 21 ko wani zai zo da ƙorafi, a karɓi takardar izini, a ɗaura auren cikin wata 3 a cocin da hukuma ta ba lasisi, ƙofa a buɗe, gaban shaidu aƙalla biyu, a sa hannu a takardar gwamnati. Na Yaya wannan na biyun ne. Irinsa mace ɗaya ce ga namiji ɗaya. Miji ba ya sakinsa da baki ko da takarda, iyaye ba sa raba shi, fasto ma ba shi da ikon kashe shi. Babbar Kotun jiha kaɗai ke iyawa. Dokar ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda ya je ya yi auren gargajiya da wata alhali wannan yana kansa, ko da yake ba kasafai ake jin an ɗaure wani a kan haka ba.

Dokar da ke raba irin wannan aure daban take, ta 1970 ce. Kafin ita dokar Ingila ake bi a kotunanmu. Dalili ɗaya tak ta sani: aure ya lalace yadda ba zai gyaru ba. Amma ba a yarda da faɗar baki. Sashe na 15 ya jero abubuwa 8, sai mai ƙara ya tabbatar da aƙalla ɗaya. A cikinsu akwai zina, akwai mugun halin da ba za a iya zama da shi ba, akwai kuma waɗanda suka shafi tafiya. Idan ɗaya ya yasar da ɗaya na tsawon shekara 1 cur kafin shigar da ƙara, ya isa. Idan sun yi shekara 2 ba sa zaune tare kuma wanda ake ƙara bai ƙi a raba ba, ya isa. Idan shekara 3 ce, ko ya yarda ko bai yarda ba, ya isa. Sharaɗin da ke gaba da waɗannan shi ne auren ya kai shekara 2 kafin a kai ƙara, sai fa in kotu ta ba da izini na musamman.

Shekara 1. Yaya ta ɗago kai ta ce, "Barista, ki sake faɗa." Ta sake faɗa. Babu wanda ya yi magana a cikinmu. Lissafi muke yi a zuci: shekara 3 ke nan da ƙofa take a buɗe muna ce wa baiwar Allah ta ƙara haƙuri.

Sai dai yasarwa a bakin doka ba kowace tafiya ba ce. Abu huɗu ake nema. Na ɗaya, a rabu da gaske. Na biyu, wanda ya tafi ya tafi da niyyar ba zai dawo zaman aure ba. Na uku, ba da yardar wanda aka bari ba. Na huɗu, babu wani dalili mai ƙarfi da ya kore shi. Don haka sojan da aka tura fagen daga bai yasar da matarsa ba, ɗan ci-rani mai kira yana aike bai yasar ba. Wanda kuma ya fita da yardar matarsa, kamar mijin Yaya, ba daga ranar da ya hau mota ake fara ƙirge ba, daga ranar da ya juya baya ne. Har ila yau ba lallai wanda ya fita ƙofa shi ne mai laifi ba. Idan miji ya matsa wa mace da duka ko wulaƙanci har ta tattara kayanta, doka tana iya cewa shi ne ya yasar da ita, ko da yana kwance a ɗakinsa. Wannan ya kamata masu rubuta labarin yaji su riƙe.

Mun damu da kwana 9 ɗin nan na Kirsimeti, ko sun rushe lissafin. Lauya ta ce a'a. Doka ba ta son ta hukunta wanda ya gwada sulhu, don haka idan aka koma zama tare na lokacin da jimillarsa bai wuce wata 6 ba, ba a komawa farko. Ana dai cire kwanakin daga ƙirge. Ta ce za ta shigar da ƙarar a kan ƙafa biyu, yasarwa da kuma rabuwar shekara 3, in ɗaya ta gurɗe ɗaya ta tsaya.

A bencin ofishin nan muka zauna da wata mata daga yankin Danko-Wasagu. 'Yan bindiga ne suka ɗauke mijinta a gona, aka yi magana sau biyu a waya, daga nan shiru. Ita doka ba ta kiran abin da ya same ta yasarwa, don mijin bai tafi da niyya ba. Abin da ta tanadar wa irinta shi ne, in an yi shekara 7 babu ɗuriyarsa, babu kuma dalilin zaton yana raye, kotu na iya ɗauka ya mutu. Matar ba rabuwa ta zo nema ba, so take ta san matsayin gonarsa da 'ya'yansa. Da muka fito Yaya ta ce, "Ni na san inda nawa yake, ba ya so na ne kawai. Ita fa?" Ɗaki biyu ne babu namiji a ciki, daga waje iri ɗaya, amma abin da ke cikinsu ya sha bamban. Marubucin da bai bambance su ba ya zalunci ɗaya.

Aiki mafi wuya shi ne shaida. Wanda ya tafi bai bar takarda ba, bai yi sallama ba, sai aka bar wa wadda ta zauna nauyin tabbatar da shirunsa. Ta yaya ake kai shiru gaban alƙali? A nan wani abu ya cece mu wanda ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Yaya tana da kalandar coci a bangon ɗakinta, wadda take rubuta zubin adashi a kai. Duk shekara in an kawo sabuwa sai ta naɗe tsohuwar ta sa ƙarƙashin katifa. A gefen kwanakin, da jan biro, ta riƙa rubuta ranar da ya kira da ranar da kuɗi ya shigo. Muka baje su a tsakar ɗaki. Ta farko ja ko'ina. Ta biyu jefi-jefi. Ta uku da ta huɗu babu ko ɗigo. Muka haɗa da bayanin asusunta na banki, da rasiɗan makarantar yara masu ɗauke da sunanta ita kaɗai, da wani dattijo cikin danginsa wanda ya yarda ya faɗi cewa sun aika masa sau uku ya dawo ya ƙi.

Sai maganar sammaci. Dole a sanar da wanda ake ƙara hannu da hannu. Namu kuwa hoto muke da shi, ba mu da adireshi. Lauya ta roƙi kotu izinin isar da takardun ta wata hanya, aka ba ta. Wannan kaɗai ya ci watanni. An ɗage zama ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kuɗin mota da na takardu da na lauya sun cinye akuya biyu da zubin adashi guda. Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ƙofar da muka ce a buɗe take babu tsani a gabanta. Akwai, kuma mace mai soya ƙosai ita kaɗai ba za ta iya hawa ba. Shi ya sa yake da kyau a san da Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, a tambaye su tun kafin a sayar da akuya.

Bai zo ba, bai aiko ba. Duk da haka sai da Yaya ta shiga akwatin shaida ta rantse ta faɗi komai da bakinta, don rashin zuwansa ba ya ɗauke mata nauyin hujja. Alƙali ya tambaye ta ko akwai sauran hanyar sulhu, domin doka ta ɗora masa ya duba wannan. Ta ce, "Ranka ya daɗe, da wa zan yi sulhun?" Ya tambayi inda yara za su zauna da wanda zai ciyar da su, don in akwai 'ya'yan da ba su kai shekara 16 ba, ba a rufe shari'a sai kotu ta gamsu da makomarsu. Ya ba ta riƙon yara, ya yanke hukuncin farko. Shi wannan na wucin gadi ne, sai bayan wata 3 yake zama na ƙarshe, kuma kafin nan babu mai ikon sake aure.

Mun zaci an gama. Ashe ƙulli biyu ne a igiyar, kotu ɗaya ta kwance.

Na biyun na ikilisiya ne, kuma a nan bakin Kiristoci bai zo ɗaya ba. Linjilar Matiyu sura 19 ta tsananta a kan rabuwa. Wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 7 aya 15, ta yi magana a kan abokin zama marar bi da ya zaɓi ya tafi, ta sauke nauyi daga kan wanda aka bari. Gardamar ita ce, mai bi da ya gudu ya ƙi jin kiran dattawa, shi ma ya shiga wannan hukunci? Tsohuwar gardama ce. Ƙasar Sikotilan ta amince da yasarwa a matsayin dalilin rabuwa tun 1573. Bayanin bangaskiya na Wesminista na 1646 ya lissafa ta tare da zina. Ingila kuwa sai 1937 ta saka ta a dokarta. Cocin Katolika har gobe ba ta kwance auren da aka ɗaura tsakanin masu baftisma biyu aka kuma tare. Abin da kotunta ke dubawa shi ne ko tun asali auren ya ɗauru. Sauran ikilisiyoyi kowace da tsarinta.

Dattawan cocin su Yaya sun zauna a kan maganarta. Wani ya ce alkawarin da aka yi gaban Allah sai mutuwa. Wani ya ce wanda ya karya alkawarin yana can da wata, me ya sa wadda ta riƙe shi za ta ci gaba da biyan bashin? Baba Fasto ya saurari kowa, ya ce, "'Yata, ba ke kika tafi ba, wurin zamanki a coci yana nan." Maganar ko za a ɗaura mata wani aure a gaban bagadi kuwa, har yau tana hannunsu. Ba mu ga laifin kowa a cikinsu ba. Mutane ne masu tsoron kada su saɓa wa abin da suka gaskata. Ita ma ba ta ce tana da wani a rai ba. Da muka tambaye ta to me takardar ta ƙara mata, sai ta ce, "Yanzu in an tambaye ni ko ni wace ce, ina da amsa." Ta cire zoben ta ƙulle shi a bakin tsohon zane tare da kalandun nan. Kawu da wasu dattawa biyu suka je gidan surukai aka yi sallama ta mutunci, don 'ya'ya nasu ne, kuma gobe za a haɗu a Uhola ko a makoki.

Ba muna kiran kowa ya kashe aurensa ba ne. Da mutumin nan ya dawo a shekara ta biyu ya zauna, da mu ne masu murna. Abin da ke ci mana rai shi ne shekarun da muka sa ta jira ba don ta zaɓa ba, sai don babu wanda ya gaya mata tana da zaɓi. Haƙurin wadda ta san ƙofa a buɗe take ta ce za ta zauna, haƙuri ne. Na wadda aka ce mata babu ƙofa, ɗauri ne, ko da masu ƙaunarta ne suka ɗaure ta.

Mu dawo kan labarinmu na farko. Mun taso da littattafan da saki yake fitowa daga bakin miji cikin numfashi ɗaya, sai idda, sai kome ko zawarci. Wannan gaskiyar gidaje da yawa ce, kuma mun iya rubuta ta. Amma Hausa bakin mutane da yawa ce. Ana wa'azi da ita a coci a Zuru da Dabai da Riba, ana kuka da ita a Zumuntar Mata, kuma matan da ke zaune irin zaman Yayarmu suna karanta abin da muke rubutawa a wayoyinsu. Idan muka ɗauki tsarin gida ɗaya muka kifa wa kowa, wadda abin ya shafa za ta gane a layin farko cewa ba mu taɓa zama kusa da ita ba. Mu da muka kwana gida ɗaya da ita ma ba mu sani ba, sai da ta yi mana dariya.

Don haka kafin ka raba auren taurarinka, tambayi kanka wane irin aure ka ɗaura musu, a ina, wa ke da ikon kwance shi, kuma wata nawa zai ci. Je ka zauna a bencin kotu yini ɗaya, ƙofa a buɗe take. Gaishe da lauya, gaishe da fasto, gaishe da malamin zaure. Matambayi ba ya ɓata.

Mun sake rubuta labarin. Babu takardar saki a ciki yanzu. Akwai kalanda huɗu da jan biro. Yaya ta karanta, wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce mu gyara wuri ɗaya: mun sa matar tana kuka a gaban alƙali, ita kuwa ba ta yi ba, sai da ta dawo gida ta ɗora tukunya.

Inda muka yi kuskure, musamman lauyoyin da ke cikinmu da masana Littafi Mai Tsarki, a gyara mana. Sai mako na gaba, in Allah ya kai mu.